HOTON GONA SHAIDA NE

Yadda wani tsoho na Birnin Ƙonni ya gyara ma wani saurayi aikinshi

A wani ƙauye na ƙasar Illela, kusa da Badagishiri, akwai ƙungiyar manoma. Da rani sunka haɗa ƙarfi, sunka shiga wani fako da ke bayan gari. Fakon ya daɗe bai fidda komi ba, ko ciyawa. Maza da mata sunka yi wata biyu suna ginar tassa da rabin wata. Da aiki ya ƙare, malamin gona ya ce a aiko mishi da hotunan wurin, ya kai gaba a ga abin da anka yi. In an gani an gamsu, ana iya taimaka ma ƙungiyar da kayan aiki da dashen itace.

Magatakardan ƙungiyar saurayi ne. A makarantar yaƙi da jahilci ya koyi karatu da rubutu. Shi ke da waya mai ɗaukar hoto, don haka shi anka ɗora ma aikin. Ya fita da rana tsaka, ya zagaya fakon, ya ɗauki hoto wajen 30. Da dare ya nuna ma dattawa. Sunka duba, sunka sake dubawa. Wani ya ce: «To, ina ramukan?» Ba a ganin komi sai farin sama da jar ƙasa. Aikin wata biyu na mutanen gari ya ɓace cikin waya. Kunya ta kama yaron, har ya ce a ba wani aikin.

Wani kawunshi ya ba shi shawara. Ya ce akwai wani tsoho a Birnin Ƙonni mai shagon hoto tun zamanin fim. Ya je a wanke mishi hotunan bisa takarda, ya kuma tambaye shi inda ya yi kuskure. Yaron ya shiga mota, ya bi ta Tsarnawa, ya sauka Ƙonni.

TSOHON BAI FARA DA LAIFI BA

Tsohon ya karɓi waya. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, bai ce komi ba. Bai yi dariya ba, bai girgiza kai ba. Da ya gama, ya ce: «Ɗana, mi kake son mutum ya gani a nan?»

Yaron ya ce: «Baba, ramukan da munka gina, da yawansu.»

Tsohon ya ce mishi ya zaɓi hoton da ya fi mishi kyau da kanshi. Yaron ya zaɓi wanda ya kwaso fili mai faɗi. Tsohon ya ce shi kuwa wani ya fi so. Ya nuna wani hoto da ƙanen yaron ya shigo ciki ba da niyya ba, da hauya a kafaɗa, shina tsaye bakin rami. Ya ce wanga hoto shi ne mai magana. Saboda yaron da ke tsaye, mai kallo ya san girman ramin, ya san kuma hannun mutum ne ya yi aikin. Ya ce: «Idonka na da kyau. Ka riga ka yi daidai sau ɗaya, ba ka sani ba. Yanzu sai ka san dalili.»

Daga nan ya ce abubuwan gyara suna da yawa, amma yau uku kaɗai za su taɓa. Wanda anka ɗora ma dami goma lokaci guda, ko ɗaya ba ya kai gida.

NA FARKO: RANA

Tsohon ya tambayi lokacin da anka ɗauki hotunan. Yaron ya ce kafin azahar kaɗan. Tsohon ya ce a nan babban kuskuren yake.

Da rana tsaka, haske daga bisa kai shike sauka. Shina shiga har cikin rami, ya cika shi. Rami ba ya da inuwa, tudun ƙasar da ke bakinshi ba ya da inuwa. Mutum da ke wurin shina ganin zurfi don idonshi biyu ne, kuma shina motsi. Waya ido ɗaya gare ta. In babu inuwa, rami da fili duk ɗaya ne a wurinta.

Da hantsi, ko da la'asar sakaliya, rana na ƙasa-ƙasa. Haskenta daga gefe shike zuwa. Kowane rami sai ya samu baƙar inuwa a ciki, kowane tudu ya samu haske a gefe guda. Nan da nan ramukan su fito, a iya ƙidaya su.

Ya ƙara da cewa kada a fuskanci rana. Wanda ya fuskance ta, sama za ta yi fari fat, ƙasa ta yi baƙi. A bar rana a kafaɗar dama ko ta hagu. Wato da safe ko da marece, mai ɗaukar hoton rami ya fuskanci arewa ko kudu. In kuwa launin shuka ake son nunawa, a bar rana a baya, amma a kula kada inuwar mai ɗauka ta shigo.

Ranar da hazo ya sauka, a haƙura da abin da ke nesa. Ƙura na cinye duwatsu da itatuwa. A jira ranar da gari ya washe. Kuma kowane lokaci, kafin a ɗauka, a shafe idon waya da ƙyalle mai laushi mai tsabta. Waya a aljihu take kwana, zufa da ƙura na rufe idonta. Hoto da yawa da ake cewa hazo ne ya ɓata, dauɗar ido ce.

NA BIYU: SAMA DA ƘASA

Tsohon ya nuna mishi layin da sama ta haɗu da ƙasa. A cikin hotunan yaron layin ya karkace, kamar gonar za ta zube gefe guda. Kuma sama ta cinye fiye da rabin hoton.

Ya ce: «Malamin gona sama ya ce ka kawo mishi?» Yaron ya yi dariya, karo na farko tun zuwanshi.

Tsohon ya ce a raba fuskar waya kashi uku daga bisa zuwa ƙasa. In aikin ƙasa ake nunawa, a ba ƙasa kashi biyu, sama kashi ɗaya. In hadari ne ya taso ake son nunawa, a ba sama biyu. Wayoyi da yawa suna da layuka da ake iya kunnawa bisa gilashi, su raba shi gida tara. Da su ake daidaita layin sama ya miƙe.

Gona faɗi gare ta, don haka a kwantar da waya, kada a riƙe ta tsaye. A riƙe da hannu biyu, a manna gwiwar hannu a jiki, a tsai da numfashi, sannan a danna a hankali. Kafin a danna, a taɓa gilashi da yatsa daidai wurin da ake son ya fito sarai.

NA UKU: MA'AUNI

Na uku shi ne abin da yaron ya riga ya yi ba da sani ba. Fili ba ya faɗin girmanshi da kanshi. Sai an sa wani abu da kowa ya san girmanshi: mutum, hauya, sandar kiwo, jaki, amalanke. Ramin tassa faɗinshi santimita 20 zuwa 30 ne, zurfinshi ya kai kamar 20. In an kwantar da hauya a bakinshi, wanda bai taɓa zuwa Adar ba ma ya gane.

Tsohon ya ce hoton fili mai kyau hawa uku gare shi. Akwai na kusa, kamar rami guda da taki a ciki. Akwai na tsakiya, jerin ramuka da mutane. Akwai na nesa, dutsi ko gawo ko hasumiyar masallacin gari. Na kusa shina nuna irin aikin. Na tsakiya shina nuna yawanshi. Na nesa shina nuna wurin, kada wani ya ce a wani gari anka ɗauka.

Ya hana shi jawo abu da yatsu bisa gilashi. Ya ce a yawancin ƙananan wayoyi jawowar nan ba ta ƙara komi, hoton kawai take buɗawa ya dushe. Mai son abu ya matso, ya taka da ƙafarshi. Mai son faɗi kuwa ya hau bisa: amalanke, suri, ko gefen dutsi.

SUN FITA FILI TARE

Tsohon bai tsaya ga baki ba. Ya ce yaron ya kwana Ƙonni. Da asuba, bayan salla, sunka fita zuwa filin noman rani da ke bayan gari. Filin ya fi hekta 2.000. Ruwanshi daga Majiya shike zuwa, daga madatsun Mozage da Zango, ta babbar hanyar ruwa. Ana noma alkama, albasa, masara da kayan lambu.

Tsohon bai karɓi wayar ba ko sau ɗaya. Ya bar ta hannun mai ita. Ya ce ya ɗauki hanyar ruwa. Yaron ya ɗauka daga gefe, ta ratsa hoton kamar igiya. Tsohon ya ce ya sake, amma ya tsaya inda hanyar za ta taso daga kusurwar ƙasa ta nufi nesa. Yaron ya sake. Da ya duba, ya ga ido na bin ruwan har ƙarshen fili. Tsohon ya ce haka kunya take yi, haka jerin duwatsu, haka burtali, haka layukan dogon yaro da anka fara dasawa a kwarin Majiya, wajen Buza, a 1975 don tare iska. Duk layin da ke ƙasa jagoran ido ne.

Kowane hoto yaron ya ɗauka, tsohon sai ya tambaye shi: «Kai mi ka gani?» Sai yaron ya faɗi nashi, sannan tsohon ya ƙara. Kafin rana ta yi zafi, yaron da kanshi ke cewa wanga ya karkace, wanga sama ta yi yawa.

Tsohon ya ba shi labarin zamanin fim. Fim guda hoto 24 ko 36 ne, kuma da kuɗi ake saye, da kuɗi ake wankewa. Mutum ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan kwanaki. Don haka kafin ya danna sai ya yi tunani. Yanzu danna kyauta ce, shi ya sa ake ɗaukar 30 babu na kirki. Ya ce: «Ka koma gida ka kawo mini biyar kaɗai.»

ABIN DA HOTO YA TAƁA YI MA ƘASAR NAN

Bayan mako biyu yaron ya komo da hoto biyar. Ramuka sun fito jere, kowane da inuwarshi. Tsohon ya yaba, ya wanke su bisa takarda. Sannan ya ce yanzu lokacin darasi na huɗu ya yi, wanda ya fi sauran. Hoto ɗaya shina cewa ga yadda wuri yake. Hoto biyu na wuri guda, a lokaci dabam, suna cewa ga abin da ya sake. Wannan ita ce shaida.

Tarihin jihar Tawa ya tabbatar da maganar tsohon. Bayan farin 1973 da na 1984, mutane da yawa a duniya sun ɗauka ƙasar nan ta mutu, hamada ta ci ta. A 1989 wani furoje na FIDA da ke aiki a ƙasar Illela ya kai wasu manoma Yatenga, cikin Burkina Faso. Can sunka ga ramukan da ake kira zai, waɗanda manoma irin su Yakuba Sawadogo sunka gyara, sunka ƙara musu faɗi da zurfi, suna zuba taki a ciki. Da sunka komo, sunka gwada a fako. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci, amma gonakin tassa sun ba da hatsi. Maƙwabta sunka gani, sunka kwaikwaya. Har ta kai ana saye da sayar da fakon da a da ba mai so. A ƙauyen Batodi, cikin ƙasar Illela, ruwan rijiyoyi ya taso da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, mata sunka samu yin lambu.

Mutanen nesa ba su yarda da sauri ba, sai da sunka ga hoto. Wani masani na Amurka, Gray Tappan, ya ɗauko tsofaffin hotunan da anka ɗauka daga jirgin sama a 1975, ya jera su da sababbi. Hoton garin Galma, cikin ƙasar Madawa, na 1975 da na 2003 ya zagaya duniya. A na farko itatuwa tsilla-tsilla ne. A na biyu sun ninka sau da yawa, ga shi kuwa mutanen garin sun ƙaru. Da irin wanga gwaji, da hotunan tauraron ɗan adam, masana sunka ƙiyasta a 2009 cewa manoman Nijar sun rayar da itace kimanin miliyan 200 bisa hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram, ta hanyar sassaben zamani. Manoma ne sunka yi aikin. Hoto ne ya sa anka yarda. Gani ya kori ji.

Abin da jirgin sama ya yi ma ƙasa duka, waya na iya yi ma gona guda. Tsohon ya faɗa ma yaron sharuɗɗa. Ya kafa dutsi babba, ko turke, a inda ya tsaya. Duk lokacin da zai sake ɗauka, ya tsaya nan. Ya fuskanci wuri guda, gawon nan ko dutsen nan ya zauna inda ya zauna a hoton farko. Ya ɗauka a lokaci guda na yini. Ya ɗauka sau biyu a shekara, da rani da kuma kafin girbi. Kada a gwada hoton rani na bara da hoton damina na bana a ce an ci nasara. Wannan yaudara ce, damina ko'ina kore take.

Sannan ya juya takardar hoto, ya ba shi alƙalami. Ya ce ya rubuta a baya: sunan gari, sunan fako, rana da wata da shekara, da inda anka fuskanta. Ya ce hoton da ba ya da kwanan wata kamar wasiƙa ce marar suna. A nan karatun yaƙi da jahilci ya yi rana.

GARGAƊI

Tsohon ya ja kunnen yaron kan abubuwa huɗu.

Waya na ɓacewa, tana faɗawa ruwa, ana sayar da ita ranar buƙata. Hoto mai muhimmanci a wanke shi bisa takarda, a ajiye cikin littafin ƙungiya, nesa da gara da danshi. Wanda anka aika ta WhatsApp yawanci ƙarfinshi na raguwa, don haka kada a goge na asali.

Kada a ɗauki mutum sai da yardarshi, balle matan aure. Kada a shiga gonar wani a ɗauka sai an yi sallama.

Kada a nuna waya ga soja, ko shingen jami'an tsaro, ko ofishin iyaka. Ƙonni bakin iyaka take, abin na iya zama babbar magana. Manyan wurare irin kamfanin siminti na Malbaza, a nemi izini tukuna.

Hoto ba takardar gona ba ne. Fako in ya fara ba da hatsi, masu cewa nasu ne ba su rasa fitowa. Tun 1993 Nijar ke da dokar filayen karkara, kuma akwai kwamitocin filaye da ake kira Kofo, a gunduma, a ƙaramar hukuma, har a ƙauyuka da yawa. Can ake rubuta saye, aro, kyauta ko jingina, gaban hakimi da shaidu. Hoto taimako ne ga takarda, ba ya maye ta. Haka ga makiyaya. Hoton burtali da mashaya, da alamomin iyakarsu, in an ɗauka kafin shuka, da kwanan wata, shina iya kashe gardama kafin ta zama faɗa. Shina kare makiyayi in an cinye hanya, shina kare manomi in dabba ta bar hanya.

BAYAN DAMINA

Cikin watan Satumba yaron ya koma bisa dutsen da ya kafa. Da hantsi ne, rana a kafaɗarshi. Gawon na nan inda yake a hoton rani. Amma inda jar ƙasa take, hatsi ya fidda kai, kowane rami da nashi gindi. Ya sa ƙanen nan nashi ya tsaya inda ya tsaya da hauya. Wanga karo sai kanshi kaɗai ake gani.

An manna hotunan biyu a shafi guda cikin littafin ƙungiya. An aika ma malamin gona nashi. Dattijon da ya tambayi ina ramukan ya daɗe shina kallon shafin. Yanzu matan ƙungiyar sun ce a koya ma ƴan mata biyu, don su riƙa ɗaukar lambunsu na albasa.

GA MASU KOYARWA

Darasin tsohon Ƙonni bai tsaya ga hoto ba. Malamin yaƙi da jahilci, da uban da ke koya ma ɗa huɗa, da uwar da ke koya ma ɗiya tatsar nono, duk suna da abin ɗauka. Ya duba aikin duka kafin ya yi magana. Ya tambayi niyyar mai aikin. Ya nemo abin da ke daidai, ya faɗi dalilin da ya sa shike daidai. Ya gyara kaɗan, ya bar saura sai wani zuwa. Ya faɗi abin da za a yi, ba abin da ya ɓaci kaɗai ba. Ya bar kayan aiki hannun mai koyo. Da ya yi dariya ranar farko, da yaron ya mai da waya aljihu, da aikin mutanen gari ya zauna babu shaida.

Manomi ko makiyayi da ke da waya, ko ke da ɗa mai waya, kada ya jira sai wani ya zo daga nesa. Kafin ruwan fari ya sauka, ya zaɓi wuri, ya kafa dutsi, ya fita da hantsi ya ɗauki gonarshi ko makiyayarshi, ya rubuta rana. Shekara goma nan gaba, ɗiyanshi za su ga inda anka fito.